Rahoton hauhawar farashi na wata-wata: abin da ya yi mini da inda ya gaza

A tsakiyar kowane wata, galibi wajen ranar 15, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, takan fitar da rahoton hauhawar farashin kayayyaki na watan da ya wuce. Kyauta ne, yana shafinta na intanet, duk mai waya da 'yar data zai iya sauke shi. Amma yawancinmu ba mu taɓa buɗe shi ba. Abin da ke iso mu jimla ɗaya ce da mai karanta labarai zai faɗa a rediyo, cewa hauhawar farashi ta kai kashi kaza cikin ɗari, sai mu yi tsaki mu ce mutanen nan ba sa shiga kasuwa. Ni ina shiga kasuwa, ina kuma karanta rahoton. Sana'ata girki ce. Ina dafa wa wata makarantar kuɗi ta kwana abinci a nan Kano bisa yarjejeniyar zango-zango, ina kuma karɓar aikin biki da suna idan Allah Ya kawo. Don haka a matsayin kayan aiki zan yi maganarsa, tunda da shi nake neman haƙƙina. Hukuncina shi ne: shaida ne nagari idan ana jayayya a kan kuɗi, amma kada ki ɗauke shi ɗan rakiya zuwa kasuwa.

Larura ce ta haɗa ni da shi. Yadda muke yi da makaranta, ana yanke kuɗin cin kowane yaro tun farkon zango, kuma abin da aka yanke shi ke nan har a yi hutu. A da wannan bai dame ni ba, domin na san lokacin da hatsi ke tashi da lokacin da yake sauka. Sai 2023 ta zo. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Bayan juyin mulkin Nijar na ƙarshen Yuli kuma aka rufe iyaka. Kuɗin da aka yanke mini a farkon zango sai ya riƙa ƙarewa tun ana tsakiya. Zuwa Fabrairun 2024, lokacin da mata masu gurasa suka fito kan titi a Kano saboda tsadar fulawa, ni ma na fara tunanin ajiye aikin.

Mai makarantar mutumin kirki ne, amma duk lokacin da na je masa da littafin cefanena sai ya ce, “Hajiya, kowa kuka yake yi, iyayen yaran ma kuka suke yi.” Ban ga laifinsa ba. Littafin rubutun hannuna ne, ni na sayo, ni na rubuta, ni kuma nake neman ƙari. 'Yar ƙanwata da ke karatun tattalin arziki a Jami'ar Bayero ita ta sauke mini rahoton, ta zauna ta nuna mini inda zan duba. A watan Mayun 2023 alƙalamin hauhawar farashin kaya gaba ɗaya kashi 22.41 ne. A watan Yunin 2024 ya kai 34.19, na abinci kaɗai kuwa 40.87. Na kai masa shafin na ce, “Alhaji, wannan ba rubutuna ba ne, na gwamnati ne, kuma gwamnati ba ta da ribar ƙara wa kanta laifi.” Ya karanta, ya kira akawunsa, muka sake zama. Daga nan muka sa sharaɗi a yarjejeniya cewa za a riƙa duba kuɗin a tsakiyar zango, kuma alƙalamin abinci na hukumar shi ne alƙali tsakaninmu. Wannan kaɗai ya isa in ce rahoton ya biya ni lokacin da na ɓata a kansa.

Yadda ake haɗa shi ba wani sihiri ba ne. Ana ɗaukar jerin kayayyaki da hidimomin da gidaje ke kashe kuɗi a kai, daga shinkafa da man ja zuwa haya, kuɗin mota, magani, atamfa da kuɗin makaranta. Shi suke kira kwando. Ma'aikata suna bin kasuwanni da shaguna a jihohi 36 da Abuja, birni da ƙauye, suna rubuta farashi duk wata. Sai dai ba a ba kowane kaya nauyi ɗaya. Abin da ke cin kaso mai yawa na kuɗin gida shi ke da nauyi mai yawa, shi ya sa tashin shinkafa yake motsa alƙalamin fiye da tashin ashana. Nauyin kuma daga binciken da ake yi gida-gida ake samo shi, inda ake tambayar mutane abin da suke kashewa.

Abin da ya fi amfanata shi ne gane cewa ba lamba ɗaya ce a ciki ba. Wadda rediyo ke faɗa ita ce ta kwatanta watan nan da irinsa na bara, Agusta da Agusta, Disamba da Disamba. Akwai hikima a hakan, domin kowa ya san hatsi na tsada a tsakiyar damina, ya yi sauƙi da kaka, to idan aka kwatanta wata da takwaransa an kauce wa wannan ruɗin. Amma akwai ta biyu, wadda ke kwatanta watan nan da wanda ya gabace shi, kuma ita ce tawa. Mai yarjejeniyar wata uku ba bara ce ta dame ta ba, abin da ya faru tun da aka sa hannu shi ne damuwarta. Akwai kuma matsakaicin wata goma sha biyu, da na birni daban, na karkara daban, da wani da ake cire amfanin gona da makamashi daga ciki saboda yawan hawa da saukarsu. Wannan na ƙarshen ba ya gaya mini komai game da tukunyata, amma masu tsara kuɗin ƙasa suna sa masa ido. Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 a cikin 2024 kaɗai da niyyar danne hauhawar, kuma duk wanda ya nemi rancen banki a shekarar ya ji a jikinsa.

Akwai wani abu guda da na lura da shi wanda kwatancen bara da bana ba ya kamawa sosai, shi ne azumi. Sukari, gero, ƙwai, dankali da kayan marmari suna motsawa da watan Ramadan, shi kuwa duk shekara yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya. Wata shekarar rabinsa a Maris rabinsa a Afrilu, wata shekarar kusan duka a Maris. Mai karantawa daga nan Arewa ya riƙa tuna wannan idan ya ga wata ya yi tsalle.

Yanzu ga inda ake ta faɗa da rahoton alhali laifin ba nasa ba ne. Idan aka ce hauhawar farashi ta sauka, mutane suna jin an ce farashi ya sauka. Ba haka ba ne. A ce kwanon wake naira 2,000 ne, ya tashi da kashi 40, ya zama 2,800. Shekara ta zagayo, tashin ya zama kashi 20. Za a ce hauhawar ta ragu da rabi, kuma gaskiya ne. Amma kwanon ya koma 3,360. Matar da ta je awo ta ƙara biyan naira 560 a kan na bara, ta dawo gida ta ji rediyo na cewa an samu sauƙi. Dole ta ce ƙarya ake yi. Ita da rahoton duk gaskiya suka faɗa, tambayar da kowannensu ke amsawa ce daban. Ina jin takaicin yadda ake karanta labarin nan ba tare da jimla ɗaya ta bayani ba, domin kowane wata ana ƙara wa mutane rashin yarda da abin da zai iya amfanarsu.

Rashin yardar ya fi tsanani a farkon 2025. A Disamban 2024 an ba da kashi 34.80. A Janairun 2025 sai aka ji 24.48, na abinci kuma daga 39.84 ya koma 26.08. Babu abin da ya faɗi haka a kasuwa cikin wata guda, kuma na ji mutane da dama suna cewa gwamnati ta gyara lamba don ta wanke kanta. Abin da ya faru shi ne an sabunta kwandon. Wanda ake aiki da shi a da an kafa shi ne a kan farashin 2009, an shekara goma sha biyar ba a taɓa shi ba. Wa ke sayen data a 2009 yadda muke saya yau? Gida nawa ke girki da gas a lokacin? Sai aka mayar da ma'aunin kan 2024, aka ƙara yawan kayan da ake bibiya daga 740 zuwa 934, rukunonin suka tashi daga 12 zuwa 13. Hukumar da kanta ta bayyana cewa saukar lambar ba ta nufin kaya sun yi araha. A ganina sabuntawar ta zama dole, ta ma makara. Abin da nake zargi shi ne yadda aka bar talaka ya ji lambobi biyu a jere kamar ana iya auna ɗaya da ɗaya, alhali da mudu daban aka auna kowacce. Mu ma a makaranta sai da muka sake zama, muka yarda cewa ba za mu haɗa alƙaluman kafin 2025 da na bayanta a lissafi ɗaya ba.

A sabon kwandon nauyin abinci ya sauka daga kusan kashi 52 zuwa wajen 40. Da farko wannan ya ɓata mini rai, don ban san gidan da abinci ya rage cin kuɗinsa ba. Da na duba sosai sai na ga rukunin gidajen abinci da masauki ya tashi daga kashi ɗaya da 'yan kai zuwa kusan 13. Wato abincin da ake saya dafaffe a waje, irin na mai shayi, mai tuwo da mai garau-garau, yana wani rukuni daban, kuma an gane cewa mutane suna kashe kuɗi a nan fiye da yadda tsohon kwandon ya nuna. Shinkafar da na saya ɗanya tana rukuni ɗaya, wadda na dafa na sayar tana wani. Wannan ya rage mini fushi, bai kawar da shi duka ba. Kwandon na ƙasa ne gaba ɗaya, an zuba mai albashin miliyan na Legas da ɗan dako na Kasuwar Singa a ciki an juya. Kamar a haɗa miyar gida goma a tukunya ɗaya ne, za a samu ɗanɗano, amma babu matar da za ta ce nata ne. Gidan da kashi 70 na kuɗinsa ke tafiya a kan abinci, idan abinci ya fi komai tashi, hauhawar da yake ji ta fi wadda aka sanar, kuma rahoton ba ya fitar da alƙalami na musamman ga irin wannan gida a shafukan da ake yaɗawa. Da za a tambaye ni gyara ɗaya, shi zan fara nema.

Ban da babban rahoton akwai ƙananan da ke biyo shi, kuma ga mai sana'a irin tawa sun fi shi daɗin karatu, domin naira suke faɗa, ba kashi cikin ɗari ba. Akwai na zaɓaɓɓun kayan abinci, wanda ke ba da matsakaicin kuɗin kilo ɗaya na shinkafar gida, wake, masara, garin rogo, albasa, tumatir, nama da sauransu, ya kuma nuna jihar da ta fi tsada da wadda ta fi araha. Akwai na fetur, na dizal, na kananzir, na gas ɗin girki, har da na kuɗin mota. Na gas ɗin yana taimaka mini wajen yanke shawarar ko in ƙara sayen gawayi. Ƙorafina a kan na abincin shi ne, a jerin da na saba dubawa akwai ayabar plantain ɗanya da nunanna, akwai kifi kala-kala, amma ban ga gero da dawa ba. Babban rahoton yana lissafa su, na sha ganin sunansu cikin kayan da suka ja farashi sama a 2024, amma kuɗin kilonsu a fili ba ya cikin wancan jerin. Ga mai dama kunu da koko wa ɗaruruwan yara kowace safiya, wannan giɓi ne babba, kuma miliyoyin gidaje daga Sakkwato zuwa Borno a kan hatsin nan biyu suke rayuwa.

Sai maganar kilo. Mu da kwano muke awo, wasu garuruwan da tiya ko mudu, kuma kwanon wani ya fi na wani. Wani mai awo zai tara har yana zuba, wani ya shafe baki. Sai da na sayi ƙaramin sikeli na riƙa auna abin da aka auno mini kafin lambobin su yi mini ma'ana. A nan kam na yaba wa hukumar, don kilo ba ya ramewa. Burodin da suke bibiya ma nauyinsa a ƙayyade yake, saboda haka mai gidan burodi da ya bar kuɗi yadda yake ya rage girma bai ɓuya ba. Amma akwai ramar da babu sikelin da zai kama. Gyaran da mai kayan miya ke ƙara miki bayan ciniki ya ɓace a shekarun nan. Ɗan sarin da ke ba ni kaya bashi zuwa ƙarshen wata ya koma kuɗi hannu. Mai POS yana cire nasa. Duk tsada ce, kuma babu ko ɗaya a rahoton.

Kuma farashin ɗai-ɗai suke ɗauka, na mai sayen kwano ɗaya ko kwalba ɗaya. Ni buhu nake saya a Dawanau, mai da sukari da taliya a Singa, kayan miya a 'Yan Kaba. Na lura sari ne ke fara motsi. Idan ya tashi, shagon unguwa yana bin sa washegari. Idan ya sauka, sai shagon ya yi ta jan ƙafa har tsohon kayansa ya ƙare. Ga shi kuma rahoton labarin watan jiya yake bayarwa, na kayan abincin ma yakan fi jinkiri. Wadda ke son sanin kuɗin buhun masara na gobe, ta kira dillalinta.

Teburin jihohi yana da jan hankali, kowa na son ya ga inda jiharsa ta faɗo. Amma rahoton da kansa yana gargaɗin cewa kwandon kowace jiha ya bambanta da na wata, don haka kwatanta su kai tsaye na iya ɓatar da mutum. Jihar da ta fi kowa hauhawa a wata ba lallai ita ce ta fi tsadar rayuwa ba, tana iya zama mai araha da ke tashi da sauri. Jaridu ba sa ɗauko wannan gargaɗin.

Wanda ya fi taɓa zuciyata cikin duk abin da suke fitarwa shi ne na kuɗin cin abinci mai gina jiki, wato mafi ƙarancin abin da baligi ɗaya zai kashe a rana ya ci abinci mai lafiya daga kayan da ke kasuwar yankinsa. A watan Yunin 2024 matsakaicin ƙasa naira 1,241 ne, yankinmu na Arewa maso Yamma ya fi ko'ina sauƙi. Wata guda bayan haka aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ki ninka 1,241 sau 30, ya ba ki 37,230. Miji da mata kawai 74,460 ke nan, ba a zo kan yara ba, ba haya, ba magani, ba kuɗin A Daidaita Sahu. Ban ga dalilin da zai sa shugabannin ƙwadago na ƙananan hukumomi, malaman makaranta da masu wa'azi su rasa wannan lissafin a aljihunsu ba.

Ta fuskar sauƙin amfani, sai a hankali. Da Turanci kaɗai yake, Turancin ma na masana. Shafukan farko masu zane da manyan lambobi suna da kyau, ana gane su ko a ƙaramar waya, amma teburan ciki sai da kwamfuta ko da haƙuri mai yawa. Shafi ɗaya da Hausa duk wata, mai ɗauke da kuɗin kaya goma da bayanin bambancin saukar hauhawa da saukar farashi, wanda gidajen rediyon Kano, Kaduna da Katsina za su karanta, ba zai ci wani kuɗi ba, kuma da ya kai ga matan da suka fi kowa sanin farashi a ƙasar nan.

Sharaɗin da muka sa da makaranta bai tsaya a gefena kaɗai ba. A 2025 hatsi ya karye a kasuwannin Arewa, alƙalamin gaba ɗaya da aka sanar a lokacin ya sauko zuwa 18.02 a watan Satumba, na abinci na wata-wata ma ya faɗa ƙasa da sifili, wato a wannan karon farashin ne da kansa ya sauka. Akawun makarantar ya zo mini da shafin a hannunsa, ya ce, “Hajiya, ga alƙalinmu.” Na duba, na duba littafina, suka yi daidai a kan masara da shinkafa, ba su yi daidai a kan nama da kuɗin ma'aikata ba. Muka rage a inda ya kamata. Yayana kuwa da ke noma a ƙauye, a kakar shekarar ya sayar da masararsa a kuɗin da bai mayar masa da na taki ba, har yana cewa baɗi zai rage gonar masara ya ƙara waken suya da riɗi. Shi rahoton, farashin mai saye yake aunawa, asarar manomi ba ta cikinsa, don haka na riga na gaya wa Alhaji cewa kada mu ɗaure kuɗin baɗi a kan arahar bana.